Ran Ƙasa da Ɗorewar Noma a Ƙasar Hausa

Gabatarwa

Manomin ƙasar Hausa yana da hanya uku ta kwatanta halin gonarsa. Yakan ce ƙasa tana da ƙarfi, ko ya ce ta gaji, ko kuwa ya ce ta mutu. Wanda ya yi ilmin zamani yana iya ɗaukar wannan a kan salon magana ne kurum, gama a ganinsa ƙasa ba ta numfashi, balle a ce ta gaji. Amma binciken da masana suka yi fiye da shekara 70 suna gudanarwa a Samaru, da karkarar Kano, da Maraɗi, da Sadore kusa da Yamai, ya tabbatar da cewa maganar manomin gaskiya ce. A cikin ƙasar noma akwai halittu masu rai da ba su ƙidayuwa, kuma albarkar gona tare da su take tafiya.

A zamanin da, idan gona ta gaji sai a bar ta ta zama saura, a yi sassabe a wani wuri, bayan shekara biyar ko goma a komo a tarar daji ya mayar mata da ƙarfinta. Yanzu jama'a ta yi yawa, rabon gado ya tsattsaga gonaki, kuma a wurare da dama babu sauran dajin da za a sassabe. Sabo da haka tambayar da ke gaban manomi da hukuma ita ce: ta yaya za a noma fili guda kowace damina, ba hutu, ba tare da an kashe shi ba? Amsar da gwamnatocin Nijeriya suka fi bayarwa, tun daga shirin ciyar da ƙasa na shekarar 1976, ita ce buhun takin zamani. Amsar da bincike ya bayar ta fi wannan faɗi, kuma ita ce abin dubawa a nan.

Halin ƙasar da ake nomawa

Mafi yawan gonakin tudu, musamman daga Kano zuwa Damagaram, jigawa ce, watau yashin da iska ta tara a zamunan da yankin ya fi yadda yake yanzu bushewa. Yashi ba ya riƙe ruwa, ba ya kuma riƙe abincin shuka. 'Yar lakar da ke gauraye da shi ma irin wadda ba ta da ƙarfin riƙo ce. Don haka nauyin riƙon ya koma kan abu guda, watau ruɓaɓɓen ganye da saiwa da kashin dabbobi wanda ya narke ya zama ɗaya da ƙasa, har ya ba ta duhun launi. Wannan shi za a kira maiƙon ƙasa. Shi ne ke tsare danshi kamar soso, shi ne ke riƙe sinadarai har saiwa ta zo ta sha, shi ne ke haɗa ƙwayoyin yashi kada iska ta kwashe su, kuma shi ne abincin ƙananan halittun da ke cikin ƙasa. A jigawa ba kasafai yake kai kashi 1 cikin 100 na nauyin ƙasa ba, ga shi kuma zafi da danshin damina suna sa ya ƙare da sauri. Ke nan tilas ne a riƙa mayar da shi kowace shekara.

Manyan sinadaran da shuka ke bukata uku ne: naitirojin, da fosfaras, da fotasiyam. Su ne haruffan nan uku, NPK, da ake gani a jikin buhun kamfa. Duk damin geron da aka ɗauke daga gona, da duk karan da aka kwashe, sun tafi da wani kaso na waɗannan sinadarai. A shekarar 1990 wasu masana biyu 'yan ƙasar Holan, Stoorvogel da Smaling, suka yi wa Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya lissafin abin da ke shiga gonakin Afirka ta kudu da Sahara da abin da ke fita. Suka ƙiyasta cewa a farkon shekarun 1980 kowace hekta, watau wajen eka biyu da rabi, tana yin asarar kilo 22 na naitirojin, da kilo 2.5 na fosfaras, da kilo 15 na fotasiyam a shekara. Misalin mai irin wannan noma kamar ɗan kasuwa ne da ke cin uwar kuɗinsa yana tsammanin riba yake ci.

Gwajin Samaru

Ƙasa ba ta sake hali cikin damina ɗaya. Wanda yake son ya san abin da wani irin noma ke yi mata, sai ya yi haƙurin maimaita abu guda a fili guda shekara da shekaru, kamar yadda aka yi a Rotamsted ta ƙasar Ingila, inda ake noman alkama a fili ɗaya tun 1843. Irin wannan gwaji aka kafa a shekarar 1950 a Samaru ta Zariya, a tashar binciken da aka buɗe tun 1922, wadda ta zama Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Aka ɗauki abu huɗu, watau kashin shanu, da naitirojin, da fosfaras, da fotasiyam, kowanne a mataki uku: babu, da kaɗan, da mai yawa. Da aka gauraya su ta kowace fuska sai aka sami haɗi 81, aka ba kowane haɗi fegi nasa, aka yi ta zuba masa abinsa kowace shekara.

Fegin da ba a sa masa kome ba ya tsiyace, kamar yadda kowa zai zata. Abin da ya ja hankalin masana shi ne fegin da aka yi ta ba shi naitirojin na zamani zalla, wanda a shekarun farko takin salfa ne. Da fari ya ba da amfani mai kyau, amma a hankali ƙasar ta yi tsami, sinadaran da ke kashe tsami suka zurare da ruwa zuwa ƙasa can inda saiwa ba ta kai ba, maiƙonta ya ragu, amfani ya yi ta ja da baya ko da yake ba a fasa zuba taki ba. Fegin da ke samun kashin shanu kuwa ya riƙe maiƙonsa, tsami bai ci shi kamar wancan ba, kuma inda aka gama kashin shanu da takin zamani nan aka fi samun amfani mai ɗorewa.

Da a Samaru kaɗai aka ga haka, da sai a ce halin wurin ne. To, amma an kafa makamancin gwajin a kan dawa a tashar Saria ta ƙasar Burkina Faso a shekarar 1960, aka kuma yi wani a kan gero a Sadore a shekarun 1980, inda aka bar kara a gona maimakon kashin shanu, kuma duk suka nuna abu ɗaya. Takin zamani yana ciyar da shukar bana, amma ba ya gina ƙasar da za ta riƙe shi baɗi. Idan maiƙo ya ƙare, buhun da manomi ya saya da kuɗinsa yakan bi ruwan sama ya wuce.

Darasin karkarar Kano

Ba a tashar bincike kaɗai aka yi doguwar jarrabawa ba. Manoman kewayen birnin Kano sun daɗe suna yin tasu. Tun a 1851, lokacin da matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth ya iso Kano, ya yaba da yawan gonaki da albarkar ƙasar. A shekarar 1965 Michael Mortimore, malamin labarin ƙasa wanda ya koyar a Zariya kafin ya koma Jami'ar Bayero, shi da abokin aikinsa Wilson, suka wallafa sakamakon bincikensu a kan wannan karkara. Suka tarar da yanki mai cunkoson jama'a, inda kusan kowane taku na ƙasa ake nome shi kowace damina ba hutu. Bisa ga abin da littattafai suka koyar a lokacin, kamata ya yi a ce ƙasar ta mutu tuni. Amma da aka gwada ƙasar wasu gonaki a 1977, aka sake gwadawa a 1990, ba a ga wata babbar raguwa a ƙarfinta ba.

A shekarun 1990 wata mai bincike, Frances Harris, ta bi diddigin al'amarin a ƙauyen Tumbau, tana auna abin da ke shiga kowace gona da abin da ke fita. Ga yadda abin ke gudana. Manomi yana shuka wake da gyaɗa tare da gero da dawa. Da kaka ya tara harawa ya ɗora bisa itace ko rufin ɗaki. Awaki da tumaki, waɗanda ake ɗaure su a gida duk tsawon damina, su ci harawa da ciyawar da aka cire daga gona. Kashinsu ya taru a turke, a gama da toka da sharar tsakar gida, da rani a loda a mangala jaki ya kai gona, a jibge shi tsibi-tsibi kafin ruwa ya sauka. Waɗanda ke kusa da birni kuwa sukan kai itace a kan jaki su komo da takin birni. Ta haka abin da gona ta bayar yake komawa gare ta, in ban da hatsin da aka ci ko aka sayar. Har ila yau binciken ya nuna cewa ƙurar hunturu, wadda iska ke kwasowa daga arewacin ƙasar Cadi, tana ƙara wa gonaki fotasiyam da wasu sinadarai kowace shekara ba tare da an biya ko anini ba.

Abin lura a nan shi ne, yawan jama'a bai kashe ƙasar Kano ba, domin wannan irin noma hannu yake ci, kuma jama'ar ce ta ba da hannun. Inda matasa suka bar ƙauye, ko aka sayar da dabbobi sabo da matsi, nan da nan zagayen yakan yanke.

Haɗa shuka a gona guda

Shekara da shekaru malaman gona suna koya wa manomi ya shuka abu guda zalla a jere, suna ganin haɗa gero da dawa da wake a kunya ɗaya alama ce ta rashin ci gaba. A shekarun 1966 da 1967 wani masanin tattalin arziki na Samaru, David Norman, ya tsaya ya auna abin da manoman Hanwa da Doka da Ɗan Mahawayi, a ƙasar Zazzau, suke samu. Ya tarar mafi yawan gonakinsu na tudu a haɗe ake shuka su, kuma idan aka tara darajar dukan abin da eka guda ta bayar, ta haɗin ta fi ta zalla. Bugu da ƙari, abin da ake samu daga gonar haɗi bai cika hawa da sauka daga shekara zuwa shekara ba. Ga magidancin da rumbunsa shi ne bankinsa, wannan tabbaci ya fi riba mai yawa ta shekara ɗaya.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Gero yana nuna cikin wajen wata uku, a girbe shi ya bar wa dawa fili da haske a daidai lokacin da take bukata. Wake kuma, wanda ake shukawa daga baya, ya yi yaɗo a ƙarƙashinsu ya rufe ƙasa, ya rage ciyawa da zafin rana, ya sha sauran danshin ƙarshen damina. Idan ruwa ya ɗauke da wuri an tsira da gero, idan ya daɗe dawa ta yi kyau.

Wake yana da wata fa'ida da ido ba ya gani. Kashi 78 cikin 100 na iskar da ake shaƙa naitirojin ne, amma gero da dawa ba su iya amfani da shi a haka. Duk wanda ya tuge wake ko gyaɗa zai ga 'yan gudaji a jikin saiwa. A cikinsu akwai bakteriya da ke kama naitirojin na iska su mayar da shi abincin shuka, ita kuma shukar ta ba su zaƙin da ganyenta ya sarrafa. Masana biyu na Jamus, Hellriegel da Wilfarth, su suka bayyana wannan a 1886. Sai dai mafi yawan naitirojin ɗin yana cikin ƙwaya da harawa ne. Idan aka sayar da harawa ta bar ƙauye, ribar ta tafi tare da ita.

Ƙuduji, wanda wasu ke kira wuta-wuta, shi ma shaida ne. Manoma sun daɗe da sanin cewa a gajiyayyar gona ya fi yawa, amma sai a 2005 aka gano sirrin, ta hanyar binciken wasu masana na Japan. Idan shuka ta rasa fosfaras, saiwarta takan fitar da wani sinadari domin kiran wata halitta dangin funfuna, wadda ke shiga saiwa ta miƙa zarurrukanta cikin ƙasa ta jawo mata abinci. Ƙwayar ƙuduji, wadda ke iya kwanciya a ƙasa fiye da shekara 10, da wannan sinadarin take gane cewa ga dawa nan kusa, sai ta tsiro ta kama saiwar. Watau kukan yunwar shuka shi ke ta da maƙiyinta. Sabo da haka gyara ƙasa yana daga cikin maganin ƙuduji. Haka kuma juya shuka da waken soya ko auduga yana taimakawa, domin saiwarsu tana sa ƙwayar ƙudujin dawa ta tsiro, amma ba ta samun abin kamawa, sai ta mutu.

Gawo da sassabin zamani

A cikin itatuwan gona babu kamar gawo, domin shi yakan zubar da ganyensa da damina, ya yi kore da rani. Don haka ba ya tare wa shuka haske, kuma ganyen da ya zubar taki ne da ya zo a kan kari. Dangin wake ne, yana kama naitirojin, saiwarsa tana nutsawa ƙwarai ta sha ruwan ƙarƙashin ƙasa. Da rani dabbobi su taru a inuwarsa suna cin 'ya'yansa, su bar kashinsu a wurin. Binciken da Charreau da Vidal suka yi a Bambe ta ƙasar Senegal a 1965 ya nuna geron gindin gawo ya ninka na sarari fiye da sau biyu. Daga baya masanan Sadore suka ƙara haske: wani kaso na fa'idar daga 'yar inuwar rassa yake, wadda ke rage zafin ƙasa lokacin da gero ke jariri, wani kaso kuma domin gawo ya fi kamawa a wurin da dama can yake da ƙarfi, kamar tsohon suri. A Damagaram ana ba da labarin cewa Sarki Tanimu, a ƙarni na 19, ya kafa doka mai tsanani a kan saran gawo.

To, me ya sa itatuwa suka ƙare a gonaki da yawa? Fari na 1972 zuwa 1974 ya kashe wasu, amma doka ma ta taimaka. Dokar daji ta Faransa ta 1935, da wadda Nijar ta kafa a 1974, sun sa muhimman itatuwa a hannun hukuma, ko da a gonar mutum suka tsiro. Manomin da ya sari reshe a gonarsa yana iya shan tara, sabo da haka ya ga gara ya cire tsiron tun yana ƙarami. Malaman gona kuma suna ta horo a tuge kututture domin garmar shanu ta wuce.

A shekarar 1983 wani ma'aikacin gona ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, wanda ya gaji da dashen itatuwan da ke mutuwa a ƙasar Maraɗi, ya lura cewa 'yan tsirran da ke fitowa a gonaki kowace shekara toho ne daga kututturan itatuwan da aka sare, kuma saiwoyinsu suna nan da rai. Abin da ake bukata shi ne a zaɓi reshe kaɗan masu ƙarfi a kowane kututture, a datse saura, a kiyaye su. Da yake tsohuwar saiwa ce ke ciyar da su, sukan girma da saurin da dashe ba ya yi. A yunwar 1984 aka haɗa wannan aiki da rabon abinci. Da rabon ya ƙare mutane da yawa suka sare nasu, amma waɗanda suka bari suka ga itacen girki da abincin dabbobi da kariya daga iskar farkon damina mai binne shuka, sai maƙwabta suka yi koyi. Manoma suka sa wa abin suna sassabin zamani. A ƙasar Magarya da Matamai da Mirriya kuma manoma da kansu suka yi ta renon gawo.

Tsakanin 2004 da 2009 Chris Reij da Gray Tappan da Mahamane Larwanou suka gwama tsofaffin hotunan jirgin sama da na tauraron ɗan Adam, suka bi ƙasa da ƙafa, suka ƙiyasta cewa hekta wajen miliyan 5 ta sake samun itatuwa kimanin miliyan 200 a kudancin Nijar. A 2020 gwamnatin ƙasar ta fitar da doka wadda ta amince da haƙƙin manomi a kan itacen da ya rena a gonarsa. Ko sabara da kalgo, waɗanda ake raina su, bincike a Senegal ya nuna darajarsu: an tabbatar da cewa saiwar sabara tana jawo ruwa daga ƙasa can da dare ta saki wani kaso a sama, geron da ke kusa ya sha.

Ƙananan ma'aikata

Gara maƙiyiya ce a rumbu da rufin ɗaki, amma a faƙo ma'aikaciya ce. A ƙasar Tawa, musamman wajen Illela, tun daga ƙarshen shekarun 1980 manoma suke farfaɗo da faƙon da ruwa ba ya shiga ta hanyar tassa, dabarar da suka gano a wurin manoman Yatenga ta Burkina Faso. Da rani a haƙa 'yan ramuka, a zuba ɗan taki a kowanne. Gara ta biyo takin, ta huda ƙasa da hanyoyinta, ruwan farko ya taru a ramin ya bi hanyoyin ya nutse, a shuka gero a ciki. Filin da aka yafe sai ga shi yana ba da dami.

Haka nan tsutsar da ke cin zangarniyar gero, wadda ta zama annoba bayan fari na shekarun 1970, tana da maƙiyi a cikin halittun yankin, watau wani ɗan mitsitsin ƙwaro dangin zanzaro. Yakan harbi tsutsar ta sandare, ya yi ƙwai a jikinta, 'ya'yansa su cinye ta. Tun daga 2006 masanan cibiyar binciken aikin gona ta Nijar da ke Maraɗi, da takwarorinsu na Mali da Burkina Faso, suke kiwonsa suna rarraba shi ƙauyuka cikin 'yan jakunkunan algarara, a daidai lokacin da gero ke fitar da kai. Feshin maganin ƙwari barkatai yana kashe irin waɗannan mataimaka tare da masu ɓarnar.

Iyakar abin

Kada a ɗauka cewa takin gida da itatuwa sun wadatar. Dabbobin da ke akwai ba su isa su ba kowace gona takin da take bukata ba, kuma kara yana da masu nema da yawa: murhu, da danga, da bakin dabba. Har wa yau fosfaras ba ya cikin iska, babu shukar da za ta kamo shi, ga shi kuwa jigawa tana da ƙarancinsa ƙwarai. Tilas a kawo shi daga waje, ko ta takin supa ko ta dutsen fosfat irin wanda ke akwai a ƙasar Tawa da Sakkwato. Domin talaka ya iya, masanan Sadore suka gwada sa ɗan kaɗan, kimanin giram 6 na kamfa, watau cikin murfin kwalbar lemo, a ramin shuka maimakon watsawa a gona duka, suka ga amfani ya ƙaru sosai. Amma wannan ma sai an tallafe shi da taki da kara, in ba haka ba shukar da ta yi ƙarfi za ta ƙara tsotse ƙasar ne.

Shugabannin Afirka da suka taru a Abuja a 2006 sun yi alkawarin ɗaga yawan takin zamani daga kilo 8 zuwa kilo 50 a hekta kafin 2015, ba a kuwa cim ma haka ba. Da suka sake taruwa a Nairobi a watan Mayu na 2024, sai aka gama lafiyar ƙasa da taki a sunan taron, abin da fegin Samaru ya nuna tun shekaru da dama da suka wuce.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata akwai wajibai a kan ma'aikacin hukuma da ɗalibin da zai gaje shi. Na farko, duk shirin rabon takin zamani ya kamata ya tafi tare da shirin wake da gyaɗa da kiwon gida, kuma a auna nasararsa da halin ƙasa bayan shekara 10, ba da yawan buhunan da aka raba ba. Na biyu, a tabbatar wa manomi a rubuce cewa itacen da ya rena nasa ne, a kuma kare shi daga masu saran dare, gama ba mai renon abin da wani zai kwashe. Na uku, a duba sha'anin aro da jinginar gona, domin wanda bai san ko shi zai noma fili baɗi ba, ba zai kai masa mangala ko ɗaya ba. Na huɗu, a kiyaye burtali da makiyaya, a gyara tsakanin manomi da makiyayi, tun da mashekarin shanu a gona da rani yana daga cikin tsofaffin hanyoyin mayar wa ƙasa ƙarfinta. Na biyar, a ba dogayen gwaje-gwaje irin na Samaru kuɗin da ba ya yankewa, domin fegin da aka bari shekara biyu ya ɓata lissafin shekara 50.

Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani. Norman da Mortimore da Rinaudo sun sami abin da suka samu ne domin sun tsaya sun auna abin da manomi ke yi kafin su ce masa ya bari. Malamin gonar da aka tura ƙauye zai kyauta idan ya fara da haka: ya zaga gonaki da ƙafa, ya ƙidaya itatuwa da kututturan da ke toho, ya tuge wake ya dubi saiwarsa, ya tambayi inda harawar bara ta tafi, sa'an nan ya buɗe bakin buhu.